Saura Babi: Shekaruna da Littattafan Amurka

Kabiru, na ji abin da ka gaya wa abokanka a bakin ƙofa kafin ku yi sallama. Ka ce kawunka ya dace da aiki, an yi shekara talatin da huɗu ana biyansa albashi don ya karanta tatsuniyoyin Amurkawa ya ce sun yi daɗi ko ba su yi ba. Ban ji haushi ba. Ubanka ma haka yake cewa tun muna samari. Amma tunda ku huɗun nan kun ce adabi za ku nema a jami'a saboda babu lissafi a cikinsa, to ku gyara zama ku ji yadda aikin yake.

Ga wanda bai san ni ba a cikinku, sunana Haruna. A nan Wudil aka haife ni, can gangaren kogi. Mahaifina mai fito ne, shi ke haye da mutanen ƙauyuka da kayansu a kwale-kwale ranar kasuwa. Sana'ata kuwa, a Hausar makaranta tarke ake ce mata. Wato ka ɗauki littafi ka warware shi zare-zare, ka nuna yadda aka saƙa shi, abin da ya faɗa da abin da ya ƙi faɗa, kuma kowace magana ka kawo shaidarta. Ɓangaren da ya faɗo mini shi ne adabin Amurka. Ba wata sha'awa ce ta kai ni ba. A shekararmu ta uku a jami'a a Kano, ajin adabin Afirka cika yake yi har da na tsaye a taga, ajin adabin Amurka kuwa mu tara ne, kowa da kujerarsa. Kujerar na bi.

Mai koyar da ajin ita ce Madam Rifkatu, mutuniyar Filato, gajera, mai farin gilashi da ƙaramar murya. A Amurka ta yi karatunta mai zurfi. A hannunta na koyi sana'a, daga digirin farko har na ƙarshe.

Aikin farko da ta ba ni shafi ɗaya ne tak, farkon wani gajeren labari. Wani manomi ne yake dawowa daga kasuwa da alfadarinsa, matarsa na tsaye a ƙofa tana jiransa. Ta ce in rubuta abin da na gani. Na je na cika shafi shida. Na yi maganar zalunci, na yi maganar jari-hujja, na kawo bautar da aka yi wa baƙar fata, duk wata babbar kalma da na taɓa ji sai da na zuba ta. Na kai mata ina jin kaina. Bayan kwana biyu ta kira ni ofis. A gefen kusan kowace jimla ta rubuta tambaya iri ɗaya da jan biro: a wane layi?

Ta ce, "Haruna, me mutumin ya sayo a kasuwa?"

Na ce, "Madam, ai ba wannan ne jigon labarin ba."

"Ban tambaye ka jigo ba. Me ke cikin buhunsa?"

Ta turo mini shafin, ta ɗora yatsa a layi na huɗu. Marubucin ya ce buhun a ninke yake a hammatar mutumin. Ke nan bai sayo komai ba. Ya tafi kasuwa ya dawo hannu rabbana, matar kuma ta gani tun daga nesa, shi ya sa ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Labarin gaba ɗaya a wannan layin yake, ni kuwa na tsallake shi sau uku ina sauri in kai ga jari-hujja.

Ta ce, "Kana da baki, Allah ya ba ka. Ido ne ba ka da shi tukuna. Koma ka kawo mini shafi ɗaya."

Sati uku na yi kafin ta karɓi shafi ɗayan.

Kayan aikina ba su da yawa, ga ragowarsu can kan kanta. Akwai rula ta katako da nake ɗorawa a ƙarƙashin layi don kada ido ya yi tsalle. Akwai ƙamus biyu, na Ingila da na Amurka, don Turancinsu ba ɗaya ba ne. Akwai taswira, saboda Madam ba ta yarda ka yi magana a kan gari ba ka san ko kudu yake ko arewa ba. A adabinsu wannan bambancin ba ƙarami ba ne, yaƙi suka yi a kansa. Sai katuna. Waɗancan kwalayen takalmin da kuke gani, ba takalmi ne a ciki ba. Kati ne da nake yankawa da almakashi, kowanne jimla ɗaya daga littafi, da lambar shafi, da wane bugu ne. Jimlar da ba ta da kati ba ta shiga rubutuna. Idan gara ta ci kati, sai na koma littafin na sake kwafowa, ba na yarda da abin da na tuna.

Na tuna wata kalma da ta kusa kunyata ni a gaban taro. A wani labari an ce wani saurayi ya ɗauki wata tsohuwa zuwa coci kowace Lahadi. Ƙamus biyun duk sun ce kalmar ɗauka take nufi. Sai na gina sakin layi guda a kan saurayin nan da ke goya tsohuwa, na ce alama ce ta sabon zamani yana ɗauke da nauyin tsohon zamani. Madam ta karanta, ta cire gilashi ta yi dariya har da tari. Ashe a bakin mutanen kudancin ƙasar, kalmar raka mutum kawai take nufi. Rakiya yake yi mata, da ƙafafunta take tafiya. Wannan ne wahalar nazarin adabin mutanen da ba ka taɓa cin abinci a gidansu ba. Ba ka san ƙamshin girkinsu ba, ba ka san yadda suke zagi ba, ba ka san abin da ke ba su dariya ba. Abin da ɗansu ɗan shekara goma ya sani a banza, kai sai ka rubuta wasiƙa ka jira amsa wata huɗu.

Babban aikina shi ne kundin digirina na uku, kuma a kan littafi ɗaya na gina shi. Labarin wani tsoho ne mai fito a wani kogi a kudancin Amurka, wanda gwamnati ta zo ta gina gada kusa da mashiginsa. Kun ga dalilin da ya sa na kama shi. Marubucin ba sananne ba ne sosai, ko a can ba a yi rubutu da yawa a kansa ba, wannan kuwa riba ce ga ɗalibi. A duk jami'ar babu ainihin littafin. Abin da muke da shi fotokwafi ne da wani malami ya zo da shi tun da daɗewa, aka kai wa mai ɗinkin littattafai ya yi masa baƙin bango. Da shi Madam take koyarwa, da shi na yi aiki.

A wannan kwafin, littafin yana ƙarewa a babi na ashirin da biyu. Ranar buɗe gada, tsohon ya ɗaure jirginsa, ya zauna a gaɓa yana kallon motoci suna hayewa, bai ce uffan ba. Jimlar ƙarshe ta sauka daidai ƙasan shafi. Babu jerin babi a farkon littafin, babu abin da zai sa ka yi zargi. Na ce wannan shirun shi ne maƙasudin marubucin: ya ƙi ya bar mutuminsa ya miƙa wuya, ya kuma ƙi ya lallashi mai karatu. Shekara huɗu na yi ina bin kowane shiru da ke cikin littafin, ina nuna yadda duk suke gangarowa zuwa wancan na ƙarshe. Kati sama da kwali biyu. Na ciri babi ɗaya na aika wa wata mujalla a nan ƙasar, suka buga. Aka sa ranar da zan kare kundin, aka aika wa mai jarrabawa na waje kwafinsa, haɗe da fotokwafin fotokwafinmu, don shi ma ba shi da littafin.

Saura sati uku, abokin aikina Malam Isiyaku ya dawo daga wani taro a ƙasar waje. Ofis ɗaya muke da shi. Ya ajiye mini wani ƙunshi a tebur ya ce, "Ga tsarabarka. A shagon tsofaffin littattafai na gan shi, na ce wannan ai na Haruna ne."

Ainihin littafin ne. Ranar Alhamis ce, na sa shi a jaka na tafi tasha na hau motar Wudil. Mun wuce rabin hanya sai na ce bari in duba ko lambobin shafinsa sun yi daidai da na katunana. Na buɗe ƙarshe. Na ga tsoho zaune a gaɓa, na ga jimlata a ƙasan shafi. Na juya. Babi na ashirin da uku.

Shafi goma sha ɗaya ne. A cikinsu tsohon ya tashi washegari, ya sayar da katakon jirginsa, ya hau gadar da ƙafa ya nemi aikin gadinta, aka ba shi. Littafin ya ƙare yana zaune a ɗakin gadi yana cin abinci da masu fenti, yana ba su labarin da ya sa su dariya. Ya miƙa wuya, kuma bai mutu ba. Na karanta sau biyu kafin mu iso gadarmu ta nan. Har mota ta tsaya a tasha ban sani ba, sai da direba ya buga jikin ƙofa ya ce, "Malam, ko Gaya za ka wuce?"

Ranar Litinin na nuna wa Isiyaku. Ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofar ofis.

Ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce, "Ni da kai."

"To ni ban ga komai ba. Ni ban ma kawo maka littafi ba. Ka sa shi a ƙasan akwati. Mai jarrabawa kwafinku gare shi, Madam kwafinku gare ta. Ka karɓi digirinka, bayan shekara biyu ka rubuta maƙala ka ce ka gano sabon abu. Haruna, kana da mata da 'ya'ya uku."

Maganarsa ba ta mugunta ba ce, kuma lissafinsa daidai ne. Babu wanda zai kama ni. Na yi kwana biyu da littafin a jaka ina shiga aji ina fita. Abin da na kasa shi ne tsayawa gaban ɗalibai in tambaye su a wane layi. Ranar Laraba na ƙwanƙwasa ofishin Madam.

Na ajiye mata littafin a buɗe. Ta ɗauki rularta ta karanta shafi goma sha ɗayan nan layi-layi, ina tsaye. Da ta gama ta rufe.

Ta ce, "Shekara tara nake koyar da wannan littafin."

Na ce, "Madam, yanzu yaya za a yi?"

"Me kake so a yi?"

"A ɗage ranar kare kundin."

"Ka san ba gyaran babi ɗaya ba ne? Ginshiƙin ne ya tafi."

"Na sani."

Ta jawo takarda ta rubuta wa hukumar makaranta da hannunta. Ta ce a ɗage, kuma ta rubuta ƙarara cewa laifin nata ne kafin ya zama nawa, don ita ce mai duba aikin, ita ya kamata ta tabbatar da kwafin. Ba kowane farfesa zai sa hannu a irin wannan ba. An yi mata magana a kai a taron majalisar malamai, ta zauna ta saurara ba ta kare kanta ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Na rubuta wa mujallar nan cewa maƙalata a kan kuskure take, suka buga wasiƙar a shafin ƙarshe, inda kowa ya karanta. Waɗanda muka fara aiki tare suka zama daktoci, aka ƙara musu girma, ni ina nan. Ɗalibai suka sa mini suna Saura Babi. In na shigo aji sai in ji wani daga baya ya ce a hankali, "Saura babi." Har masu shara sun san sunan ba su san dalilinsa ba. Wani babban malami a sashenmu ya tare ni a matakala ya ce da na yi shiru da ban ja wa sashe abin kunya ba. Ubanka, Kabiru, ya zo har gida ya ce in bar wannan wahalar in zo mu riƙa saro shanu a kara. Na kusa.

Na zubar da katunan shiru, na yanka sababbi. Shekara uku ya ƙara ci. Da na sake karanta littafin da ƙarshensa na gaskiya, sai na ga tun babi na biyar marubucin yake nuna tsohon ya gaji da ruwa. Gwiwarsa na ciwo, yana ƙirga fasinja yana tsaki, sau biyu yana tambayar nawa ake biyan ma'aikatan gada. Duk suna cikin kwafina na da, ban rasa ko layi ɗaya ba. Na gan su na wuce, don ba su dace da abin da nake so ba. To wannan ya fi ɓatan babin muni. Mai ɗinkin littafi ne ya yar da shafi goma sha ɗaya, sauran ni na yar da su da idona. Na kare kundin ina da shekara arba'in da huɗu. Madam ta yi ritaya a shekarar, ta koma garinsu. Ta rasu ban samu zuwa jana'izarta ba, muna tsakiyar jarrabawa.

Kowace sana'a da masu cinikinta. Namu na farko editocin mujallu ne. Ka yi wata takwas kana rubuta maƙala, ka aika ƙasar waje, ka jira wata takwas, amsa ta zo cewa aikin ya yi kyau, amma me ya sa ba za ka yi rubutu a kan marubutanku na Afirka ba? Sau huɗu ana rubuto mini haka. Su suna da damar su yi sharhin namu, mu kuwa sai mun nemi izini kafin mu taɓa nasu. A gida kuma tambayar ita ce, me ya haɗa ɗan Wudil da Amurkawa?

Sau ɗaya abin ya juya. Wata mujalla ta can ta aiko mini da maƙalar wani matashin malami in duba musu kafin su buga, ba suna a jiki. A kan littafin mai fito ne. Yana da ido, ya iya rubutu. Amma ya lura cewa duk lokacin da tsohon zai haye, sai ya fara bin gaɓa ya yi sama, ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, maimakon ya miƙe kai tsaye. Ya ce wannan alama ce ta tawaye, mutum yana faɗa da tafiyar zamani. Shafi bakwai ya yi a kai. Na rubuta masa cewa duk mai fito haka yake yi. In ka miƙe kai tsaye ruwa zai ja ka ya sauke ka can ƙasa da mashigi. Sai ka hau sama tukuna, sannan ka bar ruwan ya kawo ka inda kake so. Ba faɗa yake yi da kogin ba, aiki yake sa shi. Na ce na sani don na sha riƙe filafili ina tuƙi a bayan mahaifina. Da maƙalar ta fito, ya gyara, kuma a ƙasan shafi da ƙananan haruffa ya gode wa wani mai dubawa da bai san sunansa ba. Ladan ke nan. Ba a biya, ba a ƙara girma da shi.

Sauran masu cinikin ɗalibai ne da iyayensu, kuma a nan ƙarfina ya ƙare. Shekarun ƙarshe na dawo da iyalina nan Sabon Garin Wudil, ina zuwa Kano ina dawowa. Aikin ƙarshe da na duba na Hadiza ne, 'yar Alhaji Mudi dillalin shanu, wanda gidansa ke bayan masallacinmu. A gabana ta girma. Ta zaɓi littafin mai fito don kundin kammala digirinta, aka ba ni in duba.

Ta kawo aikin cikin sati biyar, an buga shi tsaf. Turancin kamar ruwa. Tun shafi na uku na tsaya. Ta kawo wata jimla ta ce tsohon ne ya faɗe ta, har da lambar shafi. Jimla ce mai kyau, amma littafin nan na san shi kamar ɗakin kwanana, babu ita a ciki. Na ɗauko shi na duba don kada in zalunce ta. Babu. Na bi sauran, da ita guda goma sha huɗu ke nan, ko ɗaya babu. Ta kuma ambaci masana uku da na nema ban ga alamar an taɓa haihuwarsu ba.

Na kira ta ofis na miƙa mata littafin.

Na ce, "Hadiza, buɗe mini shafi na tamanin da bakwai ki karanta mini jimlar nan."

Ta buɗe, ta bi shafin da yatsa har ƙasa, ta sake komawa sama. Ta ce, "Baba, wataƙila bugun ne ya bambanta."

"Wane bugu kika karanta?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce a waya ta yi. Akwai manhajar da ake tambaya ta rubuto, kowa da ita yake yi. Ita ba ta san tana ƙirƙiro magana ba.

Na ce, "Littafin fa, kin karanta shi?"

"Na karanta taƙaitawarsa."

Na ce ba zan sa hannu ba. Na ce ta ɗauki kwafina, ta zo gida duk Asabar mu zauna, cikin wata huɗu za ta gama aiki na gaskiya. Ta ce ai sunayen masu tafiya bautar ƙasa wata mai zuwa za a tura. Ta fita tana kuka.

Bayan sallar Juma'a Alhaji Mudi ya biyo ni har zauren nan. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafata, na tambayi kasuwa. Sannan ya ce, "Dakta, yarinyar nan 'yarka ce. Shekara huɗu ina kai ta ina ɗauko ta. Yanzu a kan maganar wani Bature da ya mutu za a tsayar da ita? In ya faɗa, in bai faɗa ba, wa zai kai ƙara?"

Na ce, "Alhaji, in mutum ya kawo maka sa ya ce lafiyarsa ƙalau, ka duba ka ga ba haka ba, za ka tsaya masa a gaban mai saye?"

Ya ce, "Sa daban, takarda daban. Sa ana cin namansa."

Ya tashi, bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Har yau muna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan.

Shugaban sashe, wanda ɗalibina ne a da, ya kira ni. Da ladabi ya yi maganar. Ya ce, "Malam, ɗalibai ɗari da wani abu ne za su fita, malamai mu bakwai ne. In muka bi kowace jimla babu wanda zai gama." Na ce ni dai nawa hannun ba zai hau ba. Ya ce ya fahimta. Sati na zagayowa aka mayar da Hadiza hannun wani malami, ya sa hannu, ta fita da sakamako mai kyau. Aka yi wa kundin shuɗin bango aka ajiye a laburare, aka ɗora kwafinsa a intanet kamar yadda ake yi yanzu.

Shekara ta zagayo, saura mini wata ɗaya in ajiye aiki, wani malami ya roƙe ni in leƙa masa aikin ɗalibinsa. A shafi na biyar na ci karo da jimlar nan ta shafi na tamanin da bakwai. Yaron bai yi ƙarya ba, ya faɗi inda ya samo ta: kundin Hadiza. Ya yi abin da muka koya masa, ya je laburare, ya kawo madogara. Maganar da babu wanda ya taɓa rubutawa ta sami uwa da uba.

Na tafi laburare na ce a ba ni kundin. Na zauna a teburin kusa da taga, na buɗe shafi na uku, na rubuta a gefe cewa wannan jimlar babu ita a littafin, na sa sunana. Ina kan ta biyu mai kula da ɗakin ya tsaya a kaina. Dattijo ne, mun daɗe tare.

Ya ce, "Dakta, ka san ba a rubutu a kundi."

Na ce, "Na sani."

Ya karanta abin da na rubuta, ya dubi littafin da ke buɗe a gefena. Ya ce, "Guda nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

Ya duba agogonsa ya ce, "Zan je in yi azahar. Ba na sauri."

Kafin ya dawo na gama, na mayar da kundin inda yake. Yana can har yanzu, in ba a cire shi ba. Sai dai ɗalibai ba su cika hawa benen laburare ba. Na intanet suke buɗewa, shi kuwa hannuna bai kai can ba.

An kira la'asar. Kabiru, miƙo mini sandata.